Motar lantarki da mu direbobin doguwar tafiya: a fara kafa wurin caji tukuna

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan maganar motar lantarki, domin tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 zancen ya ƙi ƙarewa, a rediyo shi ne, a Facebook shi ne, hatta majalisarmu ta direbobi a tashar Kawo in an gama musun siyasa sai a faɗa kansa. Ni direban haya ne, hanyar Abuja da Kano nake bi, in an samu shata kuma har Sakkwato ko Jos nakan je. Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu shi ne na fara jin wasu 'yan uwana suna cewa za su sayar da Sharon ɗinsu su haɗa da bashi su ɗauko mai batir, wai daga nan sun rabu da gidan mai ke nan. Ina so in ce musu su dakata tukuna, kuma ina so masu riƙe da madafun iko su ji dalilina.

Ba ƙin motar nake ba fa. Duk wanda ya sayi lita a ƙasa da naira 200 a farkon 2023 sannan kafin ƙarshen 2024 ya ga famfo ya haura naira 1,000, wallahi ba zai ƙi abin da zai raba shi da wannan azabar ba. Kuma in ka zauna ka buga lissafi a takarda abin akwai daɗi. Madaidaiciyar motar lantarki tana shan kamar yunit 16 zuwa 20 na wuta a kilomita 100, daga nan Kaduna zuwa Abuja kuwa kusan kilomita 190 ne, ka ce yunit 35 ke nan, in ka saya a farashin 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, da aka tsayar a naira 209 da ɗoriya a 2024 bai fi naira 7,000 da 'yan kai ba. Motata kuwa in ta yi lodi sai ta sha lita 20 a wannan hanyar, ko a naira 900 ka lissafa 18,000 ta tafi, zuwa kawai ban da dawowa. Ga shi babu juyen baƙin mai, babu filogi, babu kuloci, babu lagireto da zai tafasa a hawan Jere, babu salansa, birkinta ma yana daɗewa don injin ne ke rage mata gudu yana mayar da wutar cikin batir. Wannan duk gaskiya ne, ba mai musu.

To amma mu da muke kwana a kan kwalta, abin da ya dame mu ba shi ne abin da ake rubutawa a jikin takardar talla ba. A ɗauki Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya fara harhaɗawa a Legas aka nuna ta a ƙarshen 2020, batirinta yunit 64 ne kuma aka ce caji ɗaya zai kai ta kilomita 482. Mutum in ya ji haka sai ya ce ai shi ke nan, Kaduna zuwa Sakkwato ma kusan 480 ne, sawu ɗaya zan shiga. Ina! Wannan lambar a wurin gwaji aka same ta, mota ba kaya, gudu a hankali, rabi cikin gari rabi waje. Halin motar lantarki kishiyar na mai fetur ne. Mai fetur ta fi son miƙaƙƙen titi, gosulo ne ke shanye mata mai. Ita kuwa mai batir a cikin gari take morewa saboda duk taka birki wuta take tarawa, amma da ka hau babban titi ka ɗora ta a 110 ko 120 iska ce take dannewa tana faɗa da ita, ba birki ba tarawa, sai ka ga lambar tana zuba ƙasa a gaban idonka.

Sannan a zo tasha da asuba a ga yadda muke lodi. Mutum biyu a gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya, but ɗin a buɗe an ɗaure shi da igiya saboda buhun masara da jarkar manja da katan ɗin taliya, wani lokaci har da keken ɗinki na amarya a sama. Ba don muna so ba, don in ba a yi haka ba balas ɗin mai mota ba zai fita ba, balle kuɗin yuniyon da na kamasho da abin da za a kai gida. Ka ɗora wannan nauyin a kan batir, ka ƙara da zafin Maris da Afrilu lokacin da kwalta take hayaƙi sai an kunna esi, ka ƙara da cewa ba a cika batirin har wuya a cajin gaggawa, daga kashi 80 cikin 100 yake fara jan ƙafa kamar yadda na waya yake yi don ai duk litiyam ne, kuma ba mai hankalin da zai bari ya sauka ƙasa da kashi 10 ko 15 a daji. In ka cire wannan ka cire wancan, abin da ya rage a hannunka daga 482 ɗin nan bai fi 250 zuwa 300 ba. Kano dai za ka shiga, kilomita 230 ne. Amma dawowa fa? Maiduguri da ke kimanin 800 fa, ko Legas?

Akwai wani Alhaji a unguwarmu, ɗan kasuwa ne, ya sayo wata 'yar Chana mai kyau sabuwa dal, gidansa kuma rufin duk sola ne. Wata rana ƙafarsa na ciwo ya ce in tuƙa shi Abuja. Gaskiya motar akwai daɗin tuƙi, shiru kake ji sai ƙarar taya, in ka taɓa totur sai ta zabura ba jiran giya. Zuwa lafiya lau. Wurin da ya saba yin caji a can muka tarar da mota biyu a gabanmu kuma na'ura ɗaya ce ke aiki, ga magariba na matsowa, sai ya ce mu ɗan saka abin da ya samu mu kama hanya. Tun daga Tafa na lura ya daina hira. Idonsa na kan allon nan da ke nuna sauran kilomita, can ya miƙa hannu ya kashe esi, can ya ce Malam direba rage gudu ka tsaya a 80, tireloli suna ta wuce mu suna mana hon, shi kuwa carbi kawai yake ja. Mun shigo Kakau da ɗan abin da ya rage. Wannan fa mutum ne mai hali, shi kaɗai a bayan mota ba kaya. To ina ga wanda ya ɗauko rayuka tara?

A nan ne nake ganin masu kawo mana misali da Turai ba su fahimci hanyarmu ba. A can in wuta ta ƙare maka a hanya ɓacin rai ne da ɓata lokaci. A nan kuwa tsayuwa a inda bai kamata ba maganar rai ce. Duk ɗan Kaduna ya san abin da sunan Rijana da Katari yake tunawa mutane, ya san shekarun da manya da ƙanana suka guje wa titin saboda masu garkuwa da mutane suka koma jirgin ƙasa na Rigasa har shi ma aka tare shi a Maris ɗin 2022, ya san hanyar Birnin Gwari da ta Funtuwa zuwa Gusau. Alhamdulillahi wasu wuraren an samu sauƙi, amma har yau ba direban da zai so motarsa ta mutu a can bayan isha'i. Mai fetur in ta tsaya akwai dabara, ka tare ɗan acaɓa ka ba shi galan ya nemo maka wurin 'yan bumburutu a ƙauye na gaba, da tsada dai amma za ka tashi. Wutar lantarki ba a zuba ta a jarka. Kuma yawancin irin waɗannan motoci ba a son a ɗaura musu igiya a ja su tayoyi a ƙasa don yana iya lalata injin, sai dai janwe mai ɗauka a baya, wannan kuwa sai ka kira daga cikin gari ka zauna jira.

Wuraren cajin da ake ta faɗa ina suke? Hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci, lokacin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ta kafa masu aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, da Jami'ar Legas, da ta Nsukka. Abin a yaba ne, don gwaji da koyar da ɗalibai. 'Yan kasuwa ma sun sa wasu a cikin Abuja da Legas, a manyan otal da kantuna. Amma direba ba a harabar jami'a yake tsayawa ba. A Tafa yake tsayawa, a Maraban Jos, a Kwangila, a Tashar Yari, a Kwanar Ɗangora, a Saminaka in Jos ya nufa. A waɗannan wuraren mai shayi akwai, mai faci akwai, masallaci akwai, gidan mai akwai, abin da babu shi ne inda za ka jona mota.

Sai kuma ita kanta wutar. In soket ɗin gida za ka jona, irin na firji da talabijin, batir mai yunit 64 sai ya haura awa 24 kafin ya cika, wato wutar ta tsaya cak yini da kwana ba ƙiftawa, a wace unguwa? In ka sa caja ta musamman ta bango mai kilowat 7 za ka sha awa tara zuwa goma. Mai sauri ta kilowat 50 ita ce za ta kai ka kashi 80 a cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, amma ita kaɗai tana jan abin da gidaje da dama ke ja, ka jera biyar a wuri ɗaya sai ka nemo musu taransifomarsu daban. Mu kuwa ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 200 da ke raba megawat 4,000 zuwa 5,000. Ba mu manta Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka kwashe sama da mako a duhu, masu ƙanƙara da masu niƙa da masu walda suka zauna. A wannan makon mu masu fetur mun ci gaba da lodi. Da a ce duk motocin tasha masu batir ne da ba mai zuwa ko'ina, marar lafiyan da za a kai asibitin Shika ma sai dai a nemi wata dabara. In kuma aka ce ai sai a tada janareto a yi cajin, to ribar nan da muka lissafa a sama ta tafi, don litar dizal ɗaya yunit uku ko da ɗan ɗori take bayarwa, ka ga yunit ɗaya ya haura naira 300, hayaƙin da ake gudu kuma ga shi nan yana tashi a bayan shago.

Wani abin da nake so a gane shi ne, jiran awa ɗaya ba shi ne matsalarmu ba. Masu mota ta kansu su ne ke ƙorafin ba za su iya zama jiran caji ba. Mu ai jira sana'armu ce. Ka sauke fasinja a Zuba ko Unguwa Uku ka rubuta lamba ka shiga layi, wani lokaci awa uku wani lokaci sai gobe kafin layi ya zo kanka. A hanya ma dole a tsaya sallah, a ci abinci, mata su kai yara bayan gida, rabin awa ta wuce. Da a ce akwai na'urar caji a cikin tashar Kawo da Mando da Talbijin gareji da sauran tashoshin da muke sauka, mota na kan layi tana shan wuta, to da ba minti ɗaya da muka yi asara. Rufin rumfunan tasha ga shi nan fili guda rana na dukansa tun safe har yamma a banza, a shimfiɗa sola a kai, a haɗa da manyan batura na ajiya da layin wuta, yuniyon ta riƙa karɓar kuɗi tana kula da wurin. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan aikin shi ya kamata ya riga shigo da motocin, ba wai a cika gari da su sannan a fara neman inda za a jona ba.

Kuma tun yanzu a tsayar da bakin caja iri ɗaya. Motar da ta fito daga Chana bakinta daban, ta Turai daban, tsohuwar Nissan Leaf ta Japan daban, Tesla ta Amurka ita ma da nata. Kowa yana shigo da abin da ya samu, gobe sai mutum ya isa wurin caji da kashi 8 a batir ya tarar bakin bai shiga ba.

Maganar gyara ita ma babba ce, kuma mu 'yan Kaduna mun fi kowa sanin haka. Abin da ya sa Fijo 504 da 505 suka mallaki hanyoyin Arewa shekara da shekaru ba kyau ba ne kawai, tun da aka buɗe kamfanin a Kakuri a 1975 kayan gyara suka wadata, kowane ƙauye akwai bakaniken da zai kwance injin ya ɗaure ido rufe. Yau ma in Golf ko Sharon ta ba ka matsala ka shiga Panteka ba abin da za ka rasa, in babu sabo akwai na Kwatano, in babu su ƙera maka. Motar lantarki kuwa batirinta yana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400 ko kusa da haka, rewayan da ya saba da batir mai bolt 12 in ya sa sifana inda bai dace ba gawarsa za a ɗauka. Yaran nan na Panteka suna da ƙwaƙwalwa, in aka koya musu wata shida sai sun ba mutane mamaki, amma sai an koya musu ɗin, an ba su safar hannu da na'urar gwaji. Ga Kaduna Polytechnic a kusa da su, me zai hana a haɗa su?

Batirin kuma a ƙarƙashin mota yake shimfiɗe, na Kona ɗin nan nauyinsa ya haura kilo 400. Ka tuna ramukan da ke hanyar Abuja tun da aka fara aikinta a 2018 ana karkatar da mu hannu ɗaya, da tudun rage gudu da kowane ƙauye ke ginawa yadda ya ga dama. Tankin mai in ya fashe mai walda zai like shi, batir in ya bugu da ƙarfi sai dai canji, kuɗin canjinsa kuwa zai iya sayen wata motar hayar sukutum. Kamfanoni da yawa suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga zuwa. Ga ma'aikacin ofis shekara takwas ɗin zai ci. Amma direban da ke zuwa Abuja ya dawo kullum yana cin kilomita 380 a yini, ko kwana 300 ya yi aiki a shekara ya haura 110,000, kafin shekara ɗaya da rabi garanti ya ƙare, bashin motar kuwa ko rabi bai biya ba. Cajin gaggawa kullum a cikin zafi kuma shi ne abin da ya fi saurin tsufar da batir. Wanda zai sayi ta hannu ya fi shiga haɗari, musamman tsohuwar Leaf da batirinta ba shi da ruwan sanyaya shi, a zafinmu nan da nan yake raguwa, fenti na ƙyalli amma abin da ke ciki ya gaji.

Inda motar nan ta dace a yau, cikin gari ne. Ma'aikacin da ke tashi daga Barnawa ko Unguwar Rimi zuwa sakatariya ya dawo, mai kai yara makaranta, mai Keke Napep, ɗan acaɓa, ƙananan bas na Kasuwa zuwa Sabo ko Kawo, har mai zuwa Zariya ya dawo tunda kilomita 80 ne, duk waɗannan in suna da sola ko tsayayyiyar wuta za su ga riba ƙarara. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya nuna haka, ya cire injin ƙananan bas ya sa musu batir suna jigila a cikin gari da kuɗin mota mai rahusa, ɗan Arewa ne kuma a nan ya yi. Masu cewa ai Habasha ta hana shigo da motocin fetur na hawa a 2024, ko a Nowe kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a 2024 masu lantarki ne, su ƙara da cewa ƙasashen nan biyu da ruwa suke samar da kusan duk wutarsu, Habasha ma sai da ta gina ƙatuwar madatsa a kan kogin Nilu.

Mu na doguwar hanya abin da ya fi kusa da mu yanzu shi ne mota mai haɗin fetur da batir, irin su Prius da Camry haibirid, wadda ba a jona ta ko'ina, da kanta take caji tana tafiya, man da take sha kuma ya ragu sosai musamman a cunkoso. Sai kuma gas na CNG da gwamnatin tarayya ta fara turawa tun 2023, wanda aƙalla in ya ƙare kana murɗa makunni ka koma fetur. Shi ma gidajen sayar da shi sun yi kaɗan, layi kamar na lokacin wahalar mai, tukunyar kuma tana cinye rabin but, muna dai sa ran in bututun AKK mai kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kano ya fara kawo gas abin zai sassauta. Don Allah 'yan uwa kar a kai mota wurin mai walda ya haɗa tukunyar gas ta gida, an rasa dukiya an ji raunuka a kan haka.

Gwamnati ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki a Oktoban 2024, madalla, amma Kona ɗin nan tun farko a kusan naira miliyan 24 aka yi maganarta, kafin naira ta yi wannan faɗuwar, wane direban haya ne zai tunkare ta? In da gaske ake, a fara da motocin gwamnati. Kwamishinoni da manyan sakatarori da 'yan majalisa su ne suka fi kowa zirga-zirga tsakanin Kaduna da Abuja, a saya musu masu batir su riƙa bin hanyar da su, na tabbata kafin shekara za a ga wurin caji a Jere da Tafa da Katari, da jami'an tsaro a wurin da fitila. Shugabanninmu na NURTW su ma kar su zauna sai an gama tsara komai a kawo musu, su nemi a zauna da su tun yanzu kan tashoshi.

Ɗan uwana direba da ake zuga ka ka sayar da abin neman abincinka, kafin ka sa hannu a takardar bashi ka ce wa dillalin ya cika motar da mutum da kaya yadda kake lodi, ya kunna esi, ku je Kano ku dawo a yini ɗaya shi yana zaune a gaba. Ka tambaye shi inda za ku yi caji a can, da wanda zai gyara ta in ta tsaya a Kwanar Ɗangora, da kuɗin sabon batir a rubuce.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya tsare mu a hanyoyinmu.

Naku,
Wani direban doguwar tafiya,
daga Kawo, Kaduna.